Baba Gado, Mai Sauraron Inji a Tsakiyar Ruwa

Da an sallame sallar asuba a unguwar Zongo, Baba Gado ba ya tsayawa hira. Zai rataya tsohuwar jakarsa mai sifana uku da sukudireba, ya sha kunu a tsaye, ya taka har bakin ruwan Tokpa-Hoho. Masu zemijan, wato 'yan acaɓan garin nan, sun daɗe da daina yi masa hon, sun san ba zai hau ba. Shekara talatin da takwas ke nan tun da ya baro Yawuri yana gyaran injinan da ake ɗaurawa a bayan kwalekwale. Wata mai kamawa zai koma gida, don ido ya fara gazawa. Shi ya sa ya kamata a yabe shi yanzu, yana ji da kunnensa.

Ba shi da shago, ba shi da allo mai suna, kuma gaskiya ba shi da sauri. Abokan sana'a na tsokanarsa cewa kafin ya kwance noti ɗaya, wani ya kwance inji ya mayar har ya ci abinci. Su yi ta dariya. Injin da ya gagare su dai wurinsa yake ƙarewa.

Ku tambayi Rafiou, mai jigilar kayan 'yan kasuwa zuwa ƙauyukan cikin tafki. Injinsa gadon mahaifinsa ne, da shi yake ciyar da gida. A farkon daminar bara injin ya tsiro da wani hali: a gaɓa ya tashi lafiya lau, amma da an loda kaya an yi nisa sai ya yi tari ya mutu. Sau uku Rafiou ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai wa makanikai. Suka tsoma shi a durom ɗin ruwan da suke gwada inji, suka ba shi mai daga kwalbarsu, ya yi ta ruri kamar sabo. Wannan ya canja filogi, wancan ya wanke kafireta, na ukun ya ce tsufa ne kawai. 'Yan kasuwa suka watse, don ba mai son kayansa su yini a tsakiyar ruwa. Rafiou ya haƙura, ya ce wa Wassiou ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo da sikelinsa bayan la'asar.

Da hantsin ranar Baba Gado ya same shi zaune, ya zuba wa injin ido.

"Baba, na gaji," in ji Rafiou. "A durom lafiyarsa ƙalau, ni kaɗai yake wulaƙantawa."

"Durom kake kaiwa kasuwa? Mayar da shi jikin jirgi, ka samo mana kaya masu nauyi."

Kayan ne suka yi wuya. Sai da Baba Gado ya je da kansa wurin Mamata mai albasa, wadda injin ya taɓa shanyawa a rana.

"Baba, albarkacinka ne," ta ce. "Amma in albasata ta jiƙe, a ƙofar gidanka zan kasa ta."

Aka loda buhu ashirin, ita ma ta haye bisa kayanta. Baba Gado bai taɓa sifana ba. Ya zauna kusa da injin ya runtse ido yana saurare. Sun wuce gada da kaɗan injin ya fara tari, ya mutu. Mamata ta ɗora hannu a ka. Rafiou ya sunkuyar da kai, kunya ta hana shi kallon kowa.

Tsohon ya matsa tiyon mai, ya ji shi a tsotse. Ya bi shi da yatsa har tanki, ya tarar gefen tankin ya lotsa ciki. A kan murfin tankin kuwa ga leda ninki biyu, an ɗaure tamau da roba.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba. Don kada ruwan sama ya shiga mai."

"To, ruwa bai shiga ba, iska ma ba ta shiga ba. Murfin nan yana da 'yar kafar da tanki ke numfashi. Toshe hancinka ka ɗauki buhun Mamata, mu ga inda za ka kai."

Ya warware ledar, tankin ya ja iska, fuuu. Ja ɗaya injin ya tashi. Suka kai albasa har ƙauye, bai ko yi atishawa ba. Rafiou ya riƙe sitiyari hawaye na zuba, ya ce feshin ruwa ne. Wassiou ya iso da sikelinsa bayan la'asar, ya tarar ba jirgi, ba inji.

Kai ne, Baba Gado, wanda bai taɓa yanke wa inji hukunci daga gaɓa ba. Kai ne ke shiga jirgin talaka ka zauna inda yake zama, in ya tsaya ku tsaya tare. Ɗan Yawuri, ruwa ya san ka! Ranar nan albasa biyar ka karɓa, ita ma sai da Mamata ta yi rantsuwa. Mun gode, kuma za mu yi kewarka ƙwarai. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu sifana da kuka rage a bakin ruwa, ku daina ƙyashin jiƙa wando. Kafin ku ce wa mutum abin hannunsa ya mutu, ku bi shi ku ga inda yake mutuwar. Injin nan da aka kusa ɗorawa a sikeli har yau yana aiki. Kowace safiya, kafin Rafiou ya ja igiya, sai ya duba kafar murfin, ya yi wa mahaifinsa addu'a, sannan ya haɗa da Baba Gado.