Ranar da Muka Tsoma Faifan Mama a Ruwa

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da muka tsoma faifan Mama a ruwa.

Faifan garmaho ne guda ɗaya tak, na mawaƙan cocinmu, an ɗauke shi tun tana budurwa, ita ke ba da waƙa sauran na amshi. Bayan rasuwarta Baba ya mai da shi kamar jariri. Duk Lahadi in mun dawo gida Gyadi-Gyadi, sai ya lakato man kaɗanya ya goge shi har ya yi ƙyalli, wai kada ya tsage. Ashe man ne ke cike layukan yana kama datti. A hankali muryar ta dusashe, daga baya sai ƙara kawai. Ga kunnen Baba ya fara nauyi, na ji tsoron ya toshe bai sake jin ta ba.

Akwai wani Alhaji a Tarauni, tsohon abokin aikin Baba, shi ma mayen faifai ne, har na'urar wankewa biyu gare shi. Ɗaya da buroshi take gogewa ta zuƙe dattin. Ɗayar kuwa cikin ruwa ake tsoma faifan, ta riƙa girgiza ruwan, ba abin da ke taɓa shi. Ya ce mu zaɓa, amma fa bai yi mana alkawarin komai ba.

Baba ya kafe a kan mai buroshi, don shi bai ga haɗin faifai da ruwa ba. Ni kuma na ce gugar da faifan nan ya sha ta isa haka. Ya harare ni, ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya miƙa mini ya kau da kai.

Na ba Alhaji ya tsoma shi a ruwan. Muna kallo ruwan ya gurɓace, maiƙo ya taso sama. Da faifan ya bushe, Alhaji ya ɗora allura. Kafin waƙar ma, sai muka ji mace ta ja numfashi, tas, kamar tana cikin falon.

Baba ya dafa hannun abokinsa. "Alhaji, ka ji ko? Haka take yi kafin ta fara."

Alhaji ya cire tabarau ya share ido. Ni da ban taɓa jin muryar Mama tana budurwa tas haka ba, sai na zauna a ƙasa.

Ranar na gane cewa wani lokacin ƙauna ce da kanta ke rufe abin da muke so. In ana so a sake jin sa, sai an yi ƙarfin halin cire hannu.