Ranar Da Aka Daina Kai Wa Baba Tuwo

Jiya da la'asar wata maƙwabciya ta aiko mini da tuwo, saboda ina zaman makokin maigidana. Yarinyar da ta kawo ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, murfin langar ya faɗi kan siminti, ya yi ta juyi yana ƙara kafin ya kwanta. Sai kawai na fashe da kuka. Masu gaisuwa suka yi ta ba ni haƙuri, suna zaton mijina na tuna. Ubana na tuna. Shi ya sa na zaunar da jikata ta rubuta abin da zan faɗa, tun da ni ban yi boko ba, na kuma ce kada ta rage wa maganar zafi.

A nan Briketeri, unguwar Hausawa ta birnin Yawunde, aka haife ni, a ɗakin haya a gidan wata Hajiya mai tuyar ƙuli-ƙuli. Mu kaɗai ne Kirista a layin. Iyayena daga arewa suka zo, ba su da wani harshe sai Hausa, don haka nan ne wurin zamansu. Ran Lahadi mukan tafi majami'a can wajen unguwar Mesa da ƙafa. Da damina muna riƙe da takalma a hannu saboda jan laka, sai mun kusa isa mu wanke ƙafa mu saka.

Baba wurin mahauta yake aiki. Ba ya yanka, don ba za a sayi naman da Kirista ya yanka ba, kuma bai taɓa jin haushin haka ba. Fiɗa yake yi, ya daddatsa, ya tsire, ya gasa. Ko ya yi wanka, ƙamshin yaji da hayaƙi ba ya barin jikinsa. To, Lahadi ce ranar da duk Yawunde take gangarowa unguwar nan cin nama, kuma ubangidansa ba ya sake shi. Wani lokaci ya je sujada, wani lokaci bai je ba.

Dattawan ikilisiya suka sa shi horo. Aka kira sunansa a gaban jama'a, aka hana shi Jibin Ubangiji, aka ce ya koma bencin baya. Na ga Baba ya tashi cikin farar rigarsa, wadda ba shi da wata sai ita, ya bi tsakiyar mutane zuwa baya, kansa a ƙasa. Daga wannan rana bai ƙara zuwa ba. A gida Inna ta yi ta yi masa gori cewa ya ja mana abin kunya, har wata safiya ya naɗe tabarmarsa ya koma kwana rumfar mahauta.

Amma Inna ba ta daina zuba masa tuwo ba. Kullum da la'asar takan cika langarsa, ta ɗaure da ƙyalle, ta ɗora mini a ka. Ba ta cewa in gaishe shi. Shi ma ba ya cewa in gaishe ta. Sai dai ba a mayar da kwano fanko, don haka yakan naɗe hanta ko ɗan tsire a takarda ya sa a ciki. Inna takan buɗe, ta yi tsaki, ta ce gishiri ya yi yawa, sannan ta cinye. Da wannan langa suke magana, kuma duk layin ya sani. Mahauta in sun hango ni sai su ce, "Ga wasiƙar amarya ta iso!" Baba ya ce su rufe baki, yana murmushi.

Haka aka yi har ruwa ya ɗauke, ya sake dawowa. Wata rana ana yayyafi, ina tsugune bakin wuta ina jiran ya gama ci, sai ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, bencin bayan nan, har yanzu da wuri?"

Na ce babu kowa a kai sai wani tsoho mai gyangyaɗi.

"To ki ce wa innarki ta wanke mini farar rigata. In ta bushe ki kawo mini tare da tuwo."

Da gudu na koma. Inna ta ji, ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi. Washegari murna ta ɗauke ta zuwa gidan babban dattijon ikilisiya, wanda ake ce wa ansiyan, don ta yi masa albishir. Ina tare da ita. Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali, ya yi karatu wurin Turawan mishan. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ta zauna ya koya mata wani abu.

Ya ce tun kafin a yi duniya Allah ya riga ya zaɓi nasa, ba don aikinsu ba, don alherinsa kawai. Wanda ya zaɓa ba ya ɓata, wanda bai zaɓa ba ko an ja shi da igiya ba zai tsaya ba. Ya ce mutumin da ake lallaɓawa da tuwo, cikinsa ne zai kawo shi, ba Ruhu ba.

"'Yar'uwa, Allah ba ya neman ki taya shi. Ki janye kwanon nan, ki bar rigar a akwati. In nasa ne, zai zo ko da tsumma. In bai zo ba, kin san dama ba namu ba ne."

Inna ta ce, "Baba ansiyan, ai shi ya nema da bakinsa."

Ya ce, "Baki ba ya zaɓen kansa."

Inna mace ce mai tsoron Allah, ba ta iya karatu ba, kuma mai Littafi a hannu ne ya faɗa mata. Ran nan da la'asar ta tuƙa tuwo, ta zuba nawa, ta zuba nata, ta kife langar Baba a kan rufin kaji. Hajiya ta ga haka, ta bar kaskonta ta zo.

"Ke maman yarinya, yau ba a kai wa maigida?"

Inna ta yi mata bayani, tana kame-kame. Hajiya ta riƙe haɓa.

"Mu ma muna da ƙaddara, amma ban taɓa jin ta hana kai tuwo ba. Wannan malamin naku, matarsa ta taɓa kife masa kwano don ta gani ko na Allah ne?"

Inna ta shiga ɗaki ta ja labule. Ta kuma hana ni zuwa rumfa, don kada in ɓata gwajin.

Ku tsaya ku duba abin nan da kyau. Mutum ya haɗiye girman kansa, ya aiko a wanke masa riga. Amsar da ya samu ita ce, riga ba ta zo ba, tuwon da ya saba zuwa ma ya tsaya. Wa ya gaya masa gwada shi ake yi? Shi dai abin da ya gani ke nan, matarsa ta ce kada ya dawo. Mahauta sun ce kullum da la'asar yakan bar wuta ya tsaya bakin hanya yana duban layinmu. Lahadi ta zo, Inna ta yi ta waiwayen ƙofar majami'a har aka tashi. Kafin wata Lahadin ya bi masu shanu ya yi arewa. Da rani wani direba ya kawo labari cewa zazzaɓi ya kashe shi a wani ƙauye, Musulmin da yake tare da su suka binne shi.

Ansiyan ya zo gaisuwa. Ya zauna kan tabarmarmu, ya sha ruwanmu, ya ce wa Inna ta yi haƙuri, yanzu an ga gaskiya, Allah ya bayyana nufinsa. Inna ta ce amin. Daga nan har ta mutu ban ƙara jin ta yi waƙa a sujada ba, bakinta kawai take motsawa.

Ban bar ikilisiya ba. A cikinta na yi aure, a cikinta na yi wa 'ya'yana baftisma. Na ji wa'azin zaɓe daga bakin pasto iri-iri, na kuma ji masu cewa mutum ke zaɓa da kansa. Ni ban san inda nufin Allah ya tsaya, na mutum ya fara ba, kuma waɗanda suka yi karatun ma har yau gardama suke yi. Abin da na gani da idona shi ne, ubana ya zaɓa. Ya juyo, ya nemi rigarsa. Inna ma ta zaɓa, da murna ta tashi ran nan. Mutum na uku ne ya shiga tsakani, ya tare hanya, da aka faɗi ya ce Allah ne ya ture. In Allah ya ɓoye zaɓensa tun kafin duniya, wa ya ba ɗan Adam izinin sa wani yunwa don ya leƙa ya gani?

Yanzu unguwa ta canja. Gidan Hajiya ya zama bene, inda rumfar take ana gyaran waya, majami'armu ta cire bencin baya. Pasto na yanzu yaro ne mai kirki, sa'an ɗana. Shekaranjiya ya zo, ya riƙe hannuna, ya ce, "Mama, kada ki yi kuka, maigidanki yana cikin zaɓaɓɓu, wannan babu shakka."

Na zare hannuna. Na ce, "Ɗana, ka ce mini yana da haƙuri, ka ce bai taɓa dukana ba, ka ce ya biya wa marayu makaranta. Waɗannan ka gani. Wancan ba ka gani ba. Da irin wannan tabbacin aka fitar da ubana, ba zan karɓe shi yau don ya zo mini da daɗi ba."

Ya tambaya ko zai yi addu'a. Na ce ya yi, amma ya sa mutum biyu a ciki, mijina da ubana.