Labule a Tsakiyar Zaure

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba zan manta da ranar da na rataya farin ƙyalle a zauren mai garinmu ba.

Shekarar fari ce, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Ni kuma ban jima da dawowa daga tsibirin Jawa ba, inda na koyi wasan inuwa: a yanka mutum-mutumi da fata, a kunna fitila a bayan labule, inuwarsu ta ba da labari. Shugaban sashenmu a jami'a ya ce wannan shirme ne, Bahaushe ba zai kalla ba. Raina ya ɓaci, na ce ya biyo ni ƙauyenmu kusa da Tozai. Ya ce in jama'a ba su zauna ba, zai soke darasin wasan da nake koyarwa. Darasin nan kuwa shi ne aikina.

Wani baduku a kasuwar Isa ya yanka mini mutum-mutumin, yana yi yana dariya. Labarin na wani manomi ne da yunwa ta sa yake son cinye irin shukarsa.

Da muka isa, mai gari ya saurare ni, ya girgiza kai. "Ɗana, mata ka aje iri, su ya kamata su gani. Amma ba ni yarda su zamna cikin maza."

Shugabana har ya fara kallon motarsa. Sai na lura da zauren: ƙofa ɗaya waje, ɗaya cikin gida. Na tuna malamina na Jawa ya ce a da can maza suna zama wajen mai wasa, mata kuma ɓangaren inuwa.

"Ranka ya daɗe, in labulen ya raba zauren biyu fa?"

Ya dubi ƙofofin biyu, ya ce, "To, hakan na yi."

Bayan la'asar aka toshe ƙofofi da asabari, na kunna fitilar ƙwai. Da manomin ya ɗaga ƙwaryar iri zai zuba a turmi, sai wata tsohuwa ta daka tsawa daga bayan labule: "Kai, aje shi! In ruwa ya zo mi za ka shibka, uwarka?"

Zauren ya kece da dariya, mata suka ɗauki guɗa. Wallahi sai da na yi hawaye don daɗi. Shugabana ya matso kusa da kunnena, ya ce, "Darasinka ya zauna."

Na koyar da darasin har na yi ritaya. Abin da na koya ranar shi ne, ilimin da ka ɗauko daga nesa ba ya zama naka sai ka samo masa wurin zama a gidanku.