Tutocin Jamhuriyar Sannu-Sannu

Baffana tela ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya shirga ƙarya yana dariya ba. Fuska a murtuke yake yin ta, sai ka isa gida kafin ka gane ya yi wasa da hankalinka. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarshen layinmu: keken ɗinki mai tafiya da ƙafa, benci da aka tallafe da bulo, sai wani buhun ƙyallaye da ya ƙi zubarwa shekara da shekaru. Matarsa ta yi mita a kan buhun nan har ta gaji ta sa masa ido.

Babana yayansa ne. Direban motar kwana-kwana ne har ya yi ritaya, mutum mai faɗan tsiya, wanda ko bokiti ka ajiye a karkace sai ya tsaya ya koya maka yadda ake ajiye shi. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Likita ya ce hannun dama da ƙafar za su iya dawowa in ya dage da motsa su, in kuwa ya bari suka sandare, shi ke nan. Baba ya juya fuskarsa bango. Mun yi lallashi, mun yi kuka, ko kallonmu bai yi ba. Ni dai tsoro ya cika ni, don ina ganin hannun kullum yana ƙara naɗewa a ƙirjinsa.

Ana haka sai ga Baffa da ƙunshi a hammata. Ya zauna bakin gado ya ce, "Yaya, kwangila na samu daga ƙasar waje. Jamhuriyar Sannu-Sannu. Tutocin ma'aikatan agajin gaggawa suke so, ni kuwa ban san kan abin ba. Duba mini ta 'yan kwana-kwana."

Ya warware wani jan ƙyalle. Kunkuru ne a tsakiya, ɗauke da bokiti a gadon bayansa, an rubuta a ƙasa da farin zare: Sannu ba ta hana zuwa. Haushi ya kama ni. Mutum na kwance rai a hannun Allah, shi kuma ya zo da shirme. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Baba ya waiwayo. Ya ƙura wa tutar ido, can ya ce, da harshensa mai nauyi, "Bokitin a kife yake."

"To ai ka ji," in ji Baffa. "Shi ya sa na kawo wa masu abin."

Daga ranar buhun ƙyallaye ya samu aiki. Tutar motar asibiti jaki ne yana gyangyaɗi, da ƙararrawa a wuya. Ta masu ceto a ambaliya, mutum ne yana kwashe ruwa da kwando. Akwai ta rundunar tashin masu gadi daga barci, ita kuma zakara ne ya rufe kansa da bargo. Baffa yakan rataye su a ƙofar shago wai su sha iska, duk wanda ya tambaya ya ce masa ƙasar tana can gaba da teku, in ka wuce ka yi hagu. Mai shagon magani ya rantse ya taɓa jin sunanta a rediyo. Ɗiyar Baffa ta ɗauki hotunansu ta yaɗa a intanet, mutanen da ba mu sani ba suka yi ta gardama a kan nahiyar da take. Baffa ko a jikinsa, ba don su yake yi ba.

Kowace tuta sai ta biyo ta ɗakin Baba, kuma kowace da aibinta. Yau tsani ya jingina a iska, gobe mesar ruwa ta ƙulle kanta. Baba ya yi ta faɗa, Baffa ya yi ta nuna bai gane ba.

"Nan kake nufi, Yaya?"

"Kai wane irin kai gare ka? Can!"

"Wallahi ban gani ba. Ungo alli, zana mini."

Kuma a hannun dama yake cusa masa allin, kullum. Farko yakan faɗi a kan zanin gado. Daga baya ya fara tsayawa tsakanin yatsu. Layin da Baba ya fara ja a karkace yake, amma ni na fita tsakar gida na yi kukana.

Sai Baffa ya ɗauke ƙafa. Ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa, kuma ya riga ya rataye sabuwar tutar kwana-kwana ba tare da an duba ba. Na je na gani: ya ɗinka motar da tsaninta a ƙarƙashi, tsakanin tayoyi. Da na gaya wa Baba, sai ya ce in miƙo masa sanda.

Muna tafe yana jan ƙafa, ina riƙe da gwiwar hannunsa, yana hutawa a kowace ƙofa. A tsakiyar layi na kasa haƙuri na ce, "Baba, ka san fa babu wata ƙasa mai wannan suna."

Ya harare ni. "Ke, a gabana aka haife shi. Tun kunkurun farko na sani. Kada ki kuskura ki gaya masa."

Da muka isa, Baba ya ɗaga hannun dama ya nuna tutar ya fara zazzaga faɗa, har mutane suka taru. Baffa ya kawar da kai. Ya sunkuya bayan keken wai yana neman allurar da ta faɗi, ya daɗe bai ɗago ba. Allurar kuwa tana nan soke a wuyan rigarsa, ina ganinta.