Bokitin Inna Mai Wanki

Shekara ashirin da tara Inna tana wanke zannuwan gadon asibiti a ɗakin wanki na ƙasa, inda tururi ke sa bango gumi. Haihuwa bakwai ta yi, kuma ba ta taɓa cika wata guda a gida ba take komawa ɗaukar jiƙaƙƙun zannuwa masu nauyin buhun siminti. Bayan haihuwar auta ta fara jin wani abu yana saukowa ta gabanta. In ta yi tari, fitsari ya zubo. In ta daɗe a tsaye, abin ya leƙo waje.

Wa za ta gaya wa? Maigidan da ko ciwon kai ta ambata sai ya ce raki ne? Sai ta ɗaure ƙugu tam da tsohon zani, ta kife bokiti a bayan injin wanki. In abin ya matsa, ta shiga bayi ta mayar da shi da hannu, ta zauna kan bokitin minti biyar, ta miƙe. Da bokitin nan ta riƙe aikin da ke ciyar da gidanta.

Kwatsam aka kawo sabon shugaba, sa'an ɗanta na fari, mai takalmi ƙwas-ƙwas. Ya ɗauke bokitin.

"Inna, nan ba wurin hira ba ne. Na sake ganinki zaune, gida za ki."

Kwana huɗu ta yi a tsaye. Rana ta biyar abokiyar aikinta ta ga jini a zaninta, ta ja ta sama wurin likitar mata. Likita ta ce saukar mahaifa ce, ta saka mata zoben roba mai tallafe mahaifar. Minti goma kacal! Shekara tara tana fama, abin takaici, ashe bene ɗaya ne tsakaninta da maganin.

"Inna, me ya hana ki zuwa asibiti tuntuni?" in ji likita.

Inna ta shafa zanin gadon da take kwance a kai. Ta gane gugarta.

"'Yata, kullum ina asibitin nan. A ƙarƙashinku nake."

Likita ta ba ta takarda: ban da ɗaukar kaya mai nauyi. Inna ta sauka da murna ta miƙa wa shugaba. Ya karanta har sau biyu, ya ce in haka ne, ba su da aikin da za ta yi.

Bokitin dai ya mayar mata.