Hasbiya, Goɗiyar da Aka Zaɓa wa Miji da Kunne

Haihuwa da nasaba

An haifi Hasbiya ranar Talata, tara ga watan Afrilu na shekarar 1991, da hantsi, a ɗaki na uku daga hannun dama cikin bargar gonar dawaki ta Injiniya, wadda ke bayan gari kusa da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa. Mahaifinta baƙin ingarma ne mai suna Hadari, wanda ya shekara bakwai yana gasar tsallaken shinge, mahaifiyarta kuwa farar goɗiya ce mai haƙuri da ake kira Lallausa. Wanda ya karɓi haihuwar da hannunsa, ya share mata hanci da bakin rigarsa, shi ne Baban Barga, wato mai ba da wannan tarihi, mutumin da bai taɓa zama a aji ba, amma ya raka likitocin dabbobi uku masu digiri zuwa makwancinsu, kuma har yau yana nan da ransa, yana tauna da haƙoran da dawaki suka rage masa. 'Yarsa ce ke riƙe da biro, amma maganar tasa ce.

Baƙa wuluk aka haife ta. Daga baya jikinta ya rikiɗe ya koma ruwan toka mai ɗigo-ɗigon fari irin na tsuntsuwar nan hasbiya, sunan ya bi ta.

Akwai wata doguwar hanya ta siminti da ta ratsa tsakiyar bargar, tsawonta taku arba'in. Al'adar Baban Barga ce, duk duƙushin da ya cika wata shida, a ja shi a kan simintin nan, shi kuma ya juya baya ya rufe ido yana saurare, domin a cewarsa ido yana ruɗuwa da sheƙin gashi, kunne kuwa ba ruwansa da kyau. Ranar da aka ja Hasbiya, ƙafa uku suka sauka daidai, ta huɗu, ta gaba ta hagu, tana saurin ɗagewa kamar mai tsoron ƙasa. Nan take ya shaida wa Injiniya cewa wannan za ta tashi sama fiye da duk dokin da ya taɓa mallaka, amma saukowar ce abin tsoro. Injiniya ya riƙe rabin farko na maganar, ya manta da rabi na biyu.

Horo

A shekarar 1993, tana 'yar shekara biyu, ba a taɓa ɗora mata ko tsumma a baya ba, aka raba ta da sa'o'inta aka kulle ta ita kaɗai a ƙaramin filin kiwo. Ƙofar filin ta ƙarfe ce, tsayinta ya kai ƙirjin namiji. Ta tsaya ta dube ta, ta ja da baya taku biyar, ta haye ta ba tare da kofato ya taɓa ƙarfen ba. Baban Barga yana riƙe da bokitin ruwa a lokacin, bai san sa'ad da ya sake shi ba. Shekara arba'in yana cikin dawaki kafin wannan rana, bai taɓa ganin dabba ta bar ƙasa kamar ba ta da nauyi ba, sai dai ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce ta.

A shekarar 1994 aka ɗaura mata sirdi. Cikin wata biyu ta ka da mahaya huɗu, ta karya wa Baban Barga haƙarƙari uku, ta cire masa haƙora biyu, kuma ya tashi daga kowace da ƙafarsa, bai kwana a asibiti ba. Zuciya ce da ita kamar wuta. Mutum ɗaya ta yarda da shi a bayanta, ita ce Auta, 'yar Injiniya ta ƙarshe, wadda ke da hannu mai sanyi a linzami.

Shekarun gasa

Daga shekarar 1996 zuwa ta 2002, Hasbiya da Auta sun ciyo kofi ashirin da uku. Waɗanda suka gani da idonsu sun san abin da ake nufi: idan ta tashi a gaban babban shinge, filin gaba ɗaya yakan yi tsit, har a ji ƙarar fatar sirdi, sai ta dira sannan mutane su tuna da numfashinsu. Bayan kowace gasa Baban Barga yakan durƙusa ya shafa ƙafar nan ta hagu, ya ji ɗumi, ya ɗaure ta da tsumma mai sanyi. Da wannan hidima ya ƙara mata shekaru uku a fili, ko Likita, wato likitan dabbobin gonar, bai musa ba.

A watan Oktoba na shekarar 2002, a shinge na ƙarshe, ta dira jijiyar ƙafar ta tsinke. Ba ta faɗi ba, ba ta kuma yar da Auta ba. Ta tsaya cak a kan ƙafa uku har aka sauko daga bayanta. Daga ranar ba ta sake tsallaka komai ba.

Miji na farko

A farkon shekarar 2003 Injiniya ya yanke shawarar nema mata miji. Ya zo barga da wani littafi mai hotuna masu ƙyalli, ya nuna wani dogon ingarma ja mai suna Janar, zakaran gasa a wata ƙasa mai nisa.

Baban Barga ya ce, "Yallaɓai, a kai ni in ji tafiyarsa."

"Tsoho, dokin nan ba zuwa zai yi ba. Irinsa za a aiko a kwalba cikin ƙanƙara, Likita ya sa mata."

"Ango a kwalba? To wa ya ga ƙafarsa?"

Likita ya miƙo masa littafin ya ce, "Ga su nan guda huɗu cif, na ƙirga maka, tun da ka bar tabaranka a jami'a."

"Likita, kai ma hotonka da ke bangon ofis ai mutumin kirki ne a ciki."

Aka yi dariya, aka yi abin da Injiniya ya so. A shekarar 2004 ta haifi ɗa namiji, kyakkyawa na ƙarshe, aka sa masa suna Lu'ulu'u. Da aka ja shi a kan siminti, ƙafafun gaba duka biyu ne ke saurin ɗagewa. An haɗa wuta da wuta, an haɗa siririyar ƙafa da siririyar ƙafa. A shekarar 2009, a gasarsa ta farko, ya tashi sama fiye da uwarsa, ya dira ƙashin ya karye biyu, Likita ya sallame shi da allura a nan cikin fili. Injiniya bai sake taka ƙofar barga ba har ajalinsa ya riske shi bayan wata huɗu. A tsakanin waɗannan shekaru an sake gwada kwalbar sau biyu, duka ta yi ɓari.

Zaɓen miji na biyu

A watan Fabrairu na shekarar 2010, Hasbiya tana dab da cika shekara goma sha tara, Likita ya duba ta ya shaida wa Auta, wadda gonar ta koma hannunta, cewa ciki ɗaya ya rage wa goɗiyar nan, idan aka ɓata shi zuriyarta ta ƙare. Auta ta ɗauko littafin mahaifinta, ta dube shi, ta mayar cikin aljihun tebur, ta ce, "Baba, ɗauko hularka, shiga mota."

Kwana tara suka yi a hanya, suka ga ingarmu bakwai masu suna. Tun a mota ya faɗa mata cewa ba abin da Hasbiya ke da shi za su nemo mata ba, tsalle tana da shi, zuciya har ta yi yawa, ƙafa suke nema da sanyin kai. Duk inda suka shiga sai ya sa a ja dokin a kan siminti ya juya baya. Masu dawakin sukan ji haushi, an kwana ana goge doki, ga tsoho ya ba shi ƙeya. Wani ingarman tafiyarsa lafiya lau, amma mai kula da shi ba ya shiga ɗakinsa sai da sanda a hannu, Baban Barga ya ce su tafi. Wani kuma aka tambayi ina 'ya'yansa da suka haura shekara goma suke, aka fara kame-kame. Bakwai ɗin nan babu wanda ya tsira.

A hanyar dawowa mota ta yi zafi, suka tsaya neman ruwa a wata makarantar koyon hawa. Auta tana magana da matar da ke da makarantar, sai Baban Barga ya ji ana jan doki a bayan katanga. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru. Ƙafa huɗu, kowace tana sauka da cikakken nauyinta, ba mai gaggawa, ba mai jinkiri. A duk rayuwarsa sau biyu ya taɓa jin irin wannan, na farkon ma tun yana da gashi a kai.

Da aka zagayo da dokin, Auta ta rufe baki da hannu. Gajere ne, kansa kamar bokiti, kunnuwa zaƙo-zaƙo, sunansa Turmi, shekararsa goma sha bakwai. Shekara goma sha biyu ya yi a ƙananan gasa bai taɓa ɗingishi ba. 'Ya'yansa biyar suna nan cikin makarantar suna aiki, babbansu ɗan shekara goma sha ɗaya, Baban Barga ya ɗaga kofatonsu ɗaya bayan ɗaya, duk kamar dutse.

Da Likita ya ga hotonsa a waya sai ya ce, "Kun zaga ƙasa kwana tara kun dawo mana da jaki. To Tsoho, in ɗan ya ɗauko kan uban da ƙafar uwar fa?"

Wannan ce tambaya ɗaya tak da Baban Barga ya taɓa rasa amsarta, kuma ya yarda a rubuta.

Auta ta ce, "Baba, ka tabbata?"

"Tabbas na Allah ne, 'yata. Abin da kunnena ya ji nake faɗa miki. In ta haifi mai irin ƙafarta, ga makullin barga nan zan ajiye miki, kada a sake kira na Baban Barga."

A watan Afrilu aka kawo Turmi da kansa, da ƙafafunsa, ba a kwalba ba. Ciki ya shiga.

Haihuwar Ganga

A watan Nuwamba na wannan shekara wani zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Baban Barga a asibiti kwana goma sha ɗaya. Mutane biyu da ke gadajen kusa da shi ba su tashi ba, shi ya tashi, amma zazzaɓin ya tafi da jinsa. Ya ɓoye iya ɓoyewa, yana kallon leɓen mutane yana gyaɗa kai, ana cewa tsufa ya sa shi miskilanci.

Ranar Lahadi, ashirin ga watan Maris na shekarar 2011, Hasbiya ta haifi 'ya mace, kai sak na ubanta. Likita ya yi dariya har ya dafa bango.

A watan Satumba ta cika wata shida. Ma'aikata suka taru a bakin hanyar siminti, Baban Barga ya juya baya ya rufe ido, makulli yana hannunsa. Aka ja ta taku arba'in. Bai ji komai ba sai wani shuu a cikin kansa. Ya cire takalmi ya taka simintin da tafin ƙafa, aka sake ja, nauyinta bai kai ya girgiza ƙasa ba. Yana iya cewa ya ji daidai, ba mai ƙaryata shi. Sai ya juyo ya faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin muryar kurma, cewa kunnen ya tafi tun bara.

Ya ce, "Auta, zo ki tsaya nan. Juya baya."

Ya ga ta girgiza kai.

"Shekara ashirin kina tsaye kusa da ni ina wannan aiki, me kike yi, ƙirgar ƙudaje? Rufe ido!"

Ta rufe. Aka ja duƙusar, ta ɗaga hannu a sake, aka sake, ta ce a ƙara. Bayan na ukun ta juyo, ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ta ture makullin gefe, ta buga masa da yatsa sau huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba mai gaggawa, ba mai jinkiri. Sannan ta naɗe masa yatsunsa a kan makullin. A ranar aka sa wa 'yar suna Ganga.

Likita ya ce kunnen Auta na son zuciya ne, lokaci zai nuna. Shekara bakwai yana zuwa duk wata yana lalubar ƙafafun Ganga yana neman ɗumi, bai samu ba. Ganga ta shiga gasa daga shekarar 2016 zuwa ta 2021, ta ci kofi goma sha huɗu. Gaskiya ce tsallenta bai kai na uwarta ba, da saura kamar faɗin tafin hannu, amma ta bar fili da ƙafafunta huɗu lafiya. Kafin rasuwarsa a shekarar 2018, Likita ya rubuta a bayan takardar magani ya ba 'yar Baban Barga ta karanta masa a kunne da ƙarfi: Tsoho, jakinka ya yi.

Ƙarshen rayuwa

Hasbiya ta yi shekarunta na ƙarshe a ƙaramin filin kiwo, ɗigon jikinta ya ɓace ta koma fara fat kamar mahaifiyarta, zuciyar dai ba ta huce ba, don tana da shekara ashirin da shida ta ciji mai gyaran kofato a kafaɗa. Ta mutu ranar Alhamis, goma sha huɗu ga watan Nuwamba na shekarar 2019, da safe, tana da shekara ashirin da takwas da wata bakwai, kanta a kan cinyar wanda ya karɓi haihuwarta. An kawo motar haƙa ta haƙa mata rami a gindin ƙofar ƙarfen nan da ta fara tsallakewa, Baban Barga ya zuba ƙasar farko, Auta ta zuba ta biyu.

Ta bar 'ya ɗaya, Ganga. Zuwa ranar da ake rubuta wannan tarihi tana da jikoki biyu: Tantabara, mace, haihuwar shekarar 2022, mai ruwan toka da ɗigon kakarta, da Kalangu, namiji, haihuwar shekarar 2024, mai kan kakansa. Auta ce ta zaɓo ubanninsu, tana juye da baya, kuma kowannensu ranar da ya cika wata shida an buga wa tsoho sau huɗu daidai a tafin hannu.

Ta kuma bar Baban Barga, da makullin barga a aljihunsa.