Gonar Alhaji ta Toranke

Bana na sha wuya. Jiya kuma 'ya'yan marigayi Alhaji suka zo daga Kano da mai saye, za su sayar da gonarsa ta Toranke, wadda nake nomawa tun ina saurayi.

Alhaji mutum ne mai tireloli da shaguna, amma duk kaka sai ya zo ya cire takalmi a bakin gona. Ya murje zangarniyar gero a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin, ya tauna. Ya ce, "Sale, ƙasar nan ce ta ciyar da ubana. Kar damina ta wuce ba shuka."

Jiya kuwa babban ɗansa ko fitowa daga mota bai yi ba.

Allah Ya haskaka kabarin Alhaji. Da safe na ɗauki fartanya na koma noma, ban san wa zai girbe ba.